Jan Ɗigon da Ummi Ta Ɗaura wa Bindigar Gona

Zuwa ga Rabi, uwargidana, a makwancinki na maƙabartar Baƙi'a.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da addu'a, ina roƙon Allah ya haskaka inda kike, ya yalwata miki shi. Na san wannan takarda ba za ta zo hannunki ba. Ko da kina raye ma ba ki karanta boko, ni ne nake karanta miki, kina gyara mini inda na yi tuntuɓe alhali ba ki san harafi ko ɗaya ba. Amma yau akwai labari a bakina, na duba ko'ina ban ga wanda zan ba shi yadda nake so ba sai ke. Shi ya sa na ɗauko ragowar littafina na ajin yamma, na zauna gindin dabinon nan na bakin rijiya, zan rubuta har hannuna ya gaji.

Kin ga na sa sunanki a sama. Shekara arba'in da 'yan kai ban kira shi a gabanki ba, sai Hajiya, sai Uwar Bashir. A takarda ya fi sauƙi.

Gida lafiya. Bashir yana Jidda da iyalinsa, yana kira duk Juma'a. 'Yarsa Ummi, takwararki, tana nan tare da ni a gidanmu na Uhudu, ta kama aiki a filin jirgi, ita ke tarbar alhazai. Kin tuna yadda na ƙi wannan aiki tun tana karatu, ke kika tsaya mata? Ke ce da gaskiya. Yarinyar da muke yi wa Hausa tana amsa mana da Larabci, yanzu wuni take tana Hausa da tsofaffin Kano da na Damagaram, har ta dawo gida tana yi wa Hausata ta Sudan dariya. Ita ce dalilin wannan wasiƙa. Amma kafin in kai gare ta, akwai abin da na ɓoye miki, sai na fara sauke shi.

Kin tuna watannin ƙarshe, lokacin da kike kwance, wata rana na dawo daga gona na kasa cin tuwo, na ce miki cikina ne? Ba cikina ba ne. Kurciya na kashe.

Kin san saktun ɗin gona, bindigar iskar nan da marigayi maigidana ya damƙa mini don ɓerayen da ke hawa dabino. Kin kuma san Madina harami ce, ba a farauta a cikinta, ba a taɓa tsuntsunta. Ɓera ne kawai a wannan gona shari'a ta yarda in kashe, don mai ɓarna ne. Shekaru da yawa ina wannan aiki ban taɓa zubar da gashin tsuntsu ɗaya ba, kuma da shi nake alfahari. Ran nan na ga ɓera a gindin zarɓa yana cin nonon dabino. Na gan shi sarai, don idona na nesa bai mutu ba. Abin da ya mutu shi ne na kusa. Ɗan tsinken ƙarfen da ke bakin bindiga da tsagar da ke baya, waɗanda mutum ke haɗawa ya auna, sun daɗe da zame mini hazo. Da zato nake harbi, da sabo. Na ja kunama, ɓera ya gudu, kurciyar da ke kwance kamar taƙi ɗaya daga shi ta faɗo gaban ƙafata. Na ɗauke ta, jikinta da ɗumi. Na binne ta jikin katanga, na rataye bindiga a ɗakin kaya, ban sake taɓa ta ba.

Sau nawa kika ce in je a duba mini ido, na ce miki ina hango tururuwa a kan dabino? Ƙarya nake yi, Rabi. Shekara uku ina wannan ƙarya. Tsoro nake ji a ce na tsufa.

Na je wurin wani malami ɗan Najeriya da ke koyarwa a jami'a, na tambaye shi hukuncin kamar wani abokina ne ya yi. Ya ce kuskure ba ɗaya yake da ganganci ba, abokina ya nemi gafara. Sannan ya dube ni ya daɗe, ya ce in gaya wa abokin nawa ya je asibitin ido, tun da ga shi yana riƙe da wayarsa nesa da fuska kamar mai tsoron ta cije shi. Na yi dariya a gabansa. Asibitin kuwa ban je ba.

Bayan rasuwarki na koma tarko da gwangwanin da ake naɗa wa gindin dabino. Amma dabinon gonarmu ta Awali rassansu a haɗe suke, ɓera ta katanga yake hawa, ya bi sama daga wannan zuwa wancan, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Bara ɓeraye sun yi mana ɓarnar da ban taɓa gani ba. Dabinon ajwa mai kyau, a sauko da nono a tarar rabinsa ƙwallo ne da ɓawo.

Abu Nayif, babban ɗan marigayi, shi ke riƙe da gonar yanzu, kuma iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, a hannunsa take. Yaron da na goya a wuya yana tsinkar ɗanyen dabino. Ya zo farkon bana, ya sumbaci kaina, ya kira ni ammi, wato baffa, kamar yadda ya saba. Bai yi mini rashin kunya ba. Ya ce akwai kamfanin da zai karɓi gonar da ma'aikatansa da gubarsa, in bana ta zama kamar bara to ba shi da zaɓi, kuma kamfani ba ya bukatar mai gadi. Iƙamata tana ƙarewa bayan an sauke dabino. Bai faɗi sauran ba, ni ma ban tambaya ba.

Da Bashir ya ji, murna ya yi. Ya ce dama ya gyara mini ɗaki a Jidda, da na'urar sanyi, zai san yadda za a yi da takarduna, in huta. Ɗa nagari kika haifa. Amma wanda ya mutu a Jidda a Jidda ake binne shi. Kin tuna abin da na ce miki a asibiti, da kika riƙe hannuna kina tsoron kaɗaici? Na ce ba zan yi nisa ba, ina nan tafe, ƙasa ɗaya za ta rufe mu. Ban bar Mai Wurno ta Sudan ina saurayi, na tsallaka teku, na yi shekara hamsin ina shayar da dabinon mutane, don in je in mutu a bakin ruwa ba. Gonar nan ita ce igiyar da ta ɗaure ni a Madina. In ta tsinke, na tafi.

Ban gaya wa Ummi komai ba, amma yarinyar nan idonki gare ta. Wata safiya ta ɗauki mukullin mota ta ce in shiga, za ta kai angonta yawon amarci. Asibitin ido ta kai ni. Aka ba ni tabarau. Na ji daɗi, don da shi nake rubuta miki yanzu. Amma da na ɗauko saktun na gwada, sai ga wata sabuwa. In na sa tabarau ina ganin tsinken bindiga ras, dabino ya zama hazo. In na cire, ina ganin dabino, tsinken ya ɓace. Na mayar da ita kan ƙusarta. A ranar na gaya wa Ummi labarin kurciya, da maganar Abu Nayif, da ɗakin Jidda. Ta tattara kofunan shayi da ƙarfi irin naki.

Bayan mako biyu ta shigo da wani ɗan kwali. Wata abokiyar aikinta ce da ke zuwa wurin koyon harbi ta ba ta labarin abin. Har ta riga ta kira Abu Nayif ta nemi izni, tun da bindigar tasa ce kuma takardunta da sunansa. Yaya zan kwatanta miki shi? Ɗan gilashi ne, faɗinsa bai kai bakin finjalin gahawa ba, a cikin gidan ƙarfe, ana ɗaure shi a bayan bindiga. In an kunna, sai wani ɗigo ja ya fito a tsakiya kamar ƙaramin garwashi. Abin mamaki, ɗigon ba ya zama kusa da ido, can yake zama a jikin abin da kike kallo. Ba tsinke, ba tsaga, ba rufe ido ɗaya. Ido biyu a buɗe, ki dubi abin da kike so, ki ɗora masa ɗigon. Na ɗaga bindiga a tsakar gida ba harsashi, na dubi tukunyar furenki da ke kan katanga, na ga tukunya sarai, na ga ɗigo sarai, duka a lokaci ɗaya. Rabi, sai da na zauna.

Na ce gobe ɓeraye sun shiga uku. Ummi ta ce a'a, ya jaddi, wato kakana, tukuna. Wai ɗigon bai san inda bindigar ke jefa dalma ba, sai an saita su sun yarda da juna. A jikinsa akwai majuyi biyu, na sama yana kai harbi sama ko ƙasa, na gefe yana kai shi hagu ko dama, kowane juyi yana ƙara ƙas kamar an karya tsinke. Sai an yi ta harbi a kwali ana juyawa, har inda ɗigo ya zauna ya zama nan dalma ke sauka.

Ranar Juma'a bayan asuba muka tafi Awali. Muka jingina kwalin dabino a jikin tudun ƙasar da ke bayan rijiya, inda ko an kuskure dalma ƙasa za ta shiga. Ta zana baƙin da'ira a tsakiya. Na auna taku ashirin da biyar, don nisan da na saba harbi ke nan. Muka kawo tebur, muka ɗora buhun yashi, na kwantar da bindiga a kai. Ta bi ƙusoshin ta ɗaure su tam. Tana riƙe da takardar bayani a hannu ɗaya, kwabon riyal a ɗaya don juya majuyin, ta tsuke fuska kamar likita.

Na harba na farko. Ta ruga ta duba, ta ɗaga murya ta ce hagu, ya jaddi, hagu da ƙasa. Ta dawo ta juya ƙas ƙas ƙas. Na harba na biyu, sai ga shi can dama, ya wuce baƙin da nisa. Ta ce ikon Allah, ta mayar da majuyin baya. Na uku ya koma hagu, ya fi na farko nisa. Haka muka yi ta yi. Dama, hagu, sama, ƙasa. Kwali ya zama rariya, baƙin tsakiya kuwa ko ƙwarzane babu. Rana ta fito, gumi ya jiƙa mini riga, kurciyoyi suna kuka a sama kamar da ni suke.

A nan na yi abin kunya, kuma gara in faɗa miki da kaina. Na ture buhun na ce wannan kayan wasan yara ne, ta mayar wa mai shi. Na ce yarinyar da jiya jiya ba ta iya gaida mutane da Hausa ba, yau ita za ta koya wa ɗan maharbi bindiga? Ina rufe baki na so in haɗiye maganar.  Me ya sa kullum wanda ya zo taimakona shi nake fara sara? Ke kin sha wannan shekara arba'in, ban taɓa ce miki ki yi haƙuri ba. Ki yi haƙuri, Rabi.

Ba ta yi kuka ba. Ta gyara mayafinta, ta kafa sabon kwali, ta ce in matsa. Ta zauna a kujerata, ta harba sau uku a jere ba ta tashi ba, ba ta taɓa majuyi ba. Muka je tare. Ramuka uku, sama da baƙin ta hannun hagu, amma a manne da juna, ƙwallon dabino ɗaya zai rufe su. Ta ce to, gilashi lafiyarsa ƙalau, bindiga ma lafiyarta ƙalau, saura mutum ɗaya a gonar nan da ba a duba ba. Sannan ta tambaye ni, da Hausa tsantsa don in ji da kyau, wai in na zo harbi a ina nake ɗora ɗigon?

Na ce inda ya kamata mana. In kin ce mini ta tafi hagu, sai in ba ta dama kaɗan. In kin ce ƙasa, in ɗaga. Wane maharbi ne zai ga bindigarsa ta karkace ya sake auna wuri ɗaya?

Rabi, yarinyar nan ta zauna a ƙasa tana dariya har da hawaye, tana buga cinya tana cewa la ilaha illallahu, ya jaddi, ka kashe ni. Ashe duk safiyar nan mu biyu muke gyara abu ɗaya. Ita ta juya majuyi zuwa dama, ni ma in karkata hannu zuwa dama, dalma ta yi tafiya biyu. Ta juya hagu, ni ma in koma hagu. Ta ce ita ma da nata laifin, don takarda ta ce a yi uku kafin a taɓa komai, ɗoki ne ya sa take juyawa bayan kowane harbi. Amma babban ɓarawon, in ji ta, shi ne wannan tsohon da ke zaune yana zagin mutane.

Ba da gangan na yi ba. Haka Baba ya koya mini a dajin Mai Wurno. Bindigoginsu na maƙera ne, babu biyu masu hali ɗaya, wata tana cin hagu, wata tana ɗaga kai. Ba a gyara su, sanin halinsu ake yi. Maharbi shi ne wanda ya san karkatar bindigarsa ya biya mata. Saktun ɗin nan ma tun ranar da na karɓe ta na gane tana cin hagu da ƙasa kamar yatsa biyu, shekaru ina ba ta dama da sama, har hannuna ya daina tambayata.

Yanzu ga jikata tana ce mini in ɗora ɗigo a tsakiyar baƙi, in harba, in sake ɗorawa a nan, in sake, ko da na san dalma ba nan za ta je ba. Wai sai na bar bindiga ta nuna laifinta a fili kafin a iya gyara shi. Kin san abin da wannan yake nufi ga mutum irina? In kuskure da saninna, sau uku, a gaban yarinyar da aka yi wa suna a tsakar gidana. Na fi shekara sittin ina ɓoye kuskuren bindiga tun kafin ya fito.

Zafi ya kore mu, muka tafi masallaci. Bayan la'asar muka dawo da sabuwar doka, ita ta kafa ta. Ba za ta ƙara gaya mini inda dalma ta sauka ba, ni kuma ba zan tashi daga kujera ba sai na cika uku. Na yarda. Zagayen farko, biyu suka haɗu, ɗaya ya fita dama. Ta dube ni ta gefen ido ta ce angon nata ya sake satar hanya. Gaskiya ne, na ji lokacin da hannuna ya zame da kansa. Zagaye na biyu ma haka. Na ajiye bindiga, na je rijiya na wanke fuska, na tsaya ina kallon wurin da na binne kurciyar nan. Na ce wa kaina, Isiyaku, ko ka koyi wannan yau, ko ka je ka zauna a ɗakin Jidda kana kallon bango.

Na dawo na zauna. Na ɗora ɗigo a tsakiya, na yi bisimilla, na saki rabin numfashi, na matsa kunama a hankali har ta tashi da kanta. Na karya bindiga na sa wata dalmar. Hannuna yana ja dama, ina dawo da shi kamar mai jan akuya. Na biyu. Na uku. Muka taka tare. Ramuka uku a wuri ɗaya, yatsa uku sama da baƙi, yatsa biyu hagu. Ban taɓa murna da kuskure ba sai ran nan.

Daga nan abin ya zama sauƙi har ya ba ni haushi. Ta auna daga tsakiyar ramukan zuwa tsakiyar baƙi, ta fara da na sama kaɗai, ta juya tana ƙirgawa a bayyane, rabi da Larabci rabi da Hausa. Na yi uku, suka sauko daidai da baƙin amma har yanzu hagu. Ta koma na gefe. Na yi uku, suka ɗan wuce dama, ta mayar da ƙas biyu. Sai ta ce yanzu biyar. Na yi biyar. Da muka isa ban ga ramuka biyar ba, rami ɗaya na gani mai baki kaca kaca a tsakiyar baƙin, hasken yamma yana fitowa ta cikinsa.

Ban san lokacin da goshina ya kai ƙasa ba. Na yi sujada a nan cikin ƙasar gona, na tashi da yashi a gemu ina dariya kamar yaro. Ummi tana ta ɗaukar hoto tana cewa masha Allah, tsoho ya dawo. Na kama kanta na sumbata, na ce ta yafe mini maganar safe. Ta ce sai na biya ta da nonon ajwa guda, kuma sai na faɗa a gaban babanta cewa ita ta koya mini harbi. Na ce ko a gaban limamin unguwa zan faɗa. Da kin ga fuskarta, Rabi. Allah ya ba ni jika, ya kuma bar ni da rai har na ga ranar da ta ɗauke ni ta tsayar.

Kada ki ce ilimin Baba ya tashi a banza. Kwali a ƙasa yake, ɓera kuwa a sama. Na rataye murfin gwangwani a kan wani busasshen dabino na gwada, na ga in an ɗaga baki sosai dalma tana ɗan hawa sama da ɗigo. Takardar Ummi ba ta faɗi wannan ba. Na yi kwana uku ina koyon nawa zan rage a kowane tsayi. Bambancin shi ne yanzu na san abin da nake ragewa da dalilinsa. Na kuma ɗaukar wa kaina sharaɗi, ba na harbi sai kututturen dabino yana bayan ɓera, don kada dalma ta tsallake katanga zuwa gonar maƙwabta.

Safiyar farko da na fita da gaske, gari ya waye ke nan, na ga wani ƙaton ɓera yana komawa maɓoyarsa da dabino a baki. Ya tsaya a gindin zarɓa. Kusa da shi, wallahi, kurciya ce zaune tana gyara gashi. Ɗigo yana kan kafaɗarsa, a tsaye cak. Na san zan same shi. Duk da haka na cire yatsa daga kunama na jira har ta ga dama ta tashi. Allah ya sa bai motsa ba. Ya faɗo tim. Na daɗe a tsaye kafin in je in ɗauke shi.

Tun daga ranar, kullum bayan asuba da kuma gab da magariba ina zagaye. Ban bar tarkon ba, na kuma sare rassan da ke taɓa katanga, aikin da ya kamata in yi tun bara da baƙin ciki bai kashe mini jiki ba. Tsuntsu ko ɗaya bai faɗo ba.

Jiya Alhamis Abu Nayif ya zo, an fara sauke ruɗab, dabinon da ya nuna yana laushi. Ya bi layi layi yana ɗaga nonna yana dubawa. Akwai ɓarna, ba zan yi miki ƙarya ba, amma ba ta kai ko kusa da ta bara ba. Ya ga kwalin nan da na manna a ƙofar ɗakin kaya, ya sa yatsa a ramin, ya ce wa ya yi wannan? Na ce ni, amma malamata tana filin jirgi. Ya ce a ba shi ya gwada. Ya fizgi kunama kamar mai buɗe ƙofar mota, dalma ta tafi gefe. Na ce masa ya sake auna tsakiya, kada ya biya mata, sai ya cika uku. Ya yi dariya ya ce ammi ya zama ustaz.

Muka sha gahawa a gindin dabinon nan. Ya daɗe yana juya finjali. Sannan ya ce zai sabunta mini shekara ɗaya, maganar kamfani a ajiye ta, baɗi a sake dubawa. Ya faɗa yana kallon ƙasa, kamar yana jin kunyar ƙanƙantar abin. Na ce masa ya ɗaga kai, ban zo neman goma ba.

Da yamma na kira Bashir na ce ɗakin nan ya sa wa baƙi katifa. Ya yi ta magiya, ya ce Baba shekara ɗaya fa, bayanta sai me? Na ce bayanta sai in kafa sabon kwali. Duk Juma'ar farkon wata ni da Ummi za mu duba saiti, don ƙusa tana kwancewa, hannun tsoho ma haka. Ranar da na ga ukuna sun daina haɗuwa, da kaina zan rataye bindigar, ba zan jira wata kurciya ta gaya mini ba, kuma ba zan ɓoye wa kowa ba. In ta kai ga haka zan roƙi Abu Nayif tsintsiya ko tiyon ban ruwa. Amma da ƙafata ba zan fita garin nan ba.

Shekara ɗaya ce, Rabi. Zan cinye ta a nan, kwana bayan kwana. In Allah ya ƙara mini wata, zan nemi ta gaba da ita. In kuma a cikinta ya kira ni, daga Awali zuwa Baƙi'a tafiyar ba ta da tsawo, masu ɗaukata ba za su gaji ba.

Na tsaya nan, inuwa ta kai bakin rijiya, lokacin zagaye ya yi. Allah ya jiƙanki, ya gafarta miki, ya sada mu a inda babu rabuwa. Ki huta lafiya.

Ni ne mijinki,
Isiyaku mai gadin dabino, Awali, Madina.